Kalmar da Na Soke wa Nafisa

Kullum in na wuce ta gaban shagon cajin waya na bakin masallacinmu sai na ji ɗayanku yana cewa koyar da Turanci ai ba aiki ba ne, duk wanda ya samu waya da ɗan data ya zama tica. Ba na tanka muku, don ba ni da ajin da zan nuna in ce ga shaida. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina wannan aiki a nan Zongon Lomé, har yaro da babba ba wanda ke kirana sai da Tica Garba. Ajin nan kuwa ba wanda ya rufe mini shi. Ni na rufe shi da hannuna, a kan kalma ɗaya tak. Tun da kun ce wasa ne, ku zauna in gaya muku yadda ake yin aikin, sannan in gaya muku yadda nawa ya ƙare.

Aikin farko da maigidana ya ba ni shi ne yankan kwali. Tica Sulemana ke nan, Allah ya jiƙansa, dogon mutum mai ƙaramar murya, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kumasi yana bin fataken goro. Can ya kwaso Turancinsa, a kasuwa da tashar mota, bai taɓa zama a benci ba. Ni kuwa a lokacin na faɗi jarrabawar makarantar Faransanci har sau biyu, mahaifina ya gaji da ganina a zaune, ya kama hannuna ya kai ni wurinsa. Na zaci alli za a ba ni in hau allo. Sai ya aike ni kasuwar Assigamé in roƙo kwalayen sabulu da aka zazzage, in yanka su daidai tafin hannu. A gefe ɗaya ya rubuta kalmar Turanci, a ɗaya gefen ni in rubuta yadda ake faɗarta da ma'anarta da ajami, don yawancin masu zuwa wurinsa 'yan kasuwa ne da suka yi karatun allo, ba su san boko ba. In kati ya karkace sai ya jefar da shi ta taga, ko kallona ba ya yi. Wata shida ina wannan, sai daga baya na lura kalmomin da nake kwafa duk sun zauna a kaina.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba. Allon katako ne guda, wanda duk ranar Alhamis nake fasa tsohon batir in shafa masa baƙin ciki don alli ya fito sosai, hannuna ya kwana biyu bai wanku ba. Sai ƙamus na Faransanci da Turanci da bangonsa ya cire aka ɗinke da zaren buhu, da jan biro, da rediyo mai kaset. Da daddare ba a yin komai da rediyon nan, da safe ne maigida ke kama tashar Ghana, in mai labarai ya fara ya danna ɗauka. Kaset ɗin in ya cije, da fensir nake naɗe shi. Ɗalibai su saurari jimla ɗaya sau biyar, ana mayarwa baya ana ƙara kunnawa, har muryar mutumin ta koma kamar ta mai mura.

Wata rana wata matashiyar mai atamfa, Ramatu, ta zo ta ce tana son fara zuwa Accra saro kaya, amma ana cutarta saboda ba ta jin Turanci. Na ɗauko katuna zan fara, maigida ya riƙe hannuna. Ya ce in bi ta rumfarta in zauna kwana uku, in rubuta duk abin da ya fito daga bakinta ga masu saye, da Hausa ko da yaren Mina. Na zauna a kan ɗaurin atamfa, zemijan, wato 'yan acaɓa, na wucewa suna taka mini silifas, ina rubuta yadi shida, rabin turmi, ba ya zuba, rage mini, wannan na bara ne, ka nuna mini na ƙasa. Da na kawo takardar, abin da ke cikinta kaɗai muka juya mata.

"Garba," in ji maigida, "ba wanda ke son Turanci duka. Kowa na bakin aikinsa yake so. Ka ba shi wanga, ka bar wa Bature saura. Kuma ka ba shi wanda mutane ke yi a hanya, ba na littafi ba."

Bayan wata biyu Ramatu ta dawo daga Accra tana dariya, ta ce ta yi ciniki har ta zagi wani. Wannan maganar ta maigida ita na riƙe duk rayuwata, kuma ta ciyar da ni shekaru da yawa.

Abin da ba ku sani ba shi ne, kalmomi su ne mafi sauƙin aikin. Wahalar ita ce buɗe bakin babban mutum. Alhaji mai mata da 'ya'ya da yaran shago ba zai yarda ya yi kuskure a gaban ɗan cikinsa ba, gara ya mutu bai iya ba. Saboda haka alhazai bayan sallar asuba suke zuwa, ɗaya ɗaya, a rufe ƙofa, in sun fita su yi kamar gaisuwa ta kawo su. Akwai wani direban babbar mota da ke ƙetare iyakar Aflao zuwa Ghana kowane mako. Ya haddace duk abin da na ba shi, amma da zarar mai kaki ya leƙo taga ya daka tsawa sai harshensa ya mutu, ya miƙa takardu, a ajiye shi yini guda a gefen hanya. Na aro kaki da hula wurin wani mai gadi, na sa shi zama a benci kamar yana tuƙi, ni kuma na riƙa zagayowa ina buga tebur ina yi masa ihu da Turanci. Mako guda muna wannan, maƙwabta suna leƙe suna cewa Tica ya taɓu. Ran na takwas ya mayar mini da amsa da ƙarfi har ni na ja da baya.

Bayan rasuwar maigida ɗakin karatun ya dawo hannuna, ɗalibai kuma suka sake kama. 'Yan ajami suka ragu, 'ya'yansu da suka yi makarantar Faransanci suka cika benci. Su nasu ciwon daban ne. Turanci da Faransanci suna da kalmomi masu kama ɗaya a rubuce amma ma'anarsu ta raba hanya, yaro ya ga fuskar da ya sani ya saki jiki, ta kai shi ta baro. Ni 'yan damfara nake kiransu. Wani saurayi mai sayar da tayoyi ya taɓa kawo mini wasiƙar da ya rubuta wa wani kamfani a Tema ta Ghana, yana mamakin yadda wata uku ba a amsa ba. Layin farko ya sa "I demand". A Faransancin da ya sani, "demander" roƙo ne cikin ladabi. A Turanci kuwa ya shaƙe wuyan mutum ne yana cewa dole a ba shi. Na gyara masa kalmar nan guda, amsa ta zo cikin mako biyu. Tun daga nan na zama mai kama 'yan damfara na Zongo, kuma ba zan ɓoye muku ba, na hura hanci. In na kama ɗaya a takardar ɗalibi sai na ɗaga jan biro sama kowa ya gani kafin in soke.

Shekarun nan benci huɗu ne a ɗakin, bayan la'asar ba masaka tsinke, wasu a tsaye a bakin taga. Daga unguwar Hédzranawoé ake zuwa, har daga unguwar Cacavéli 'ya'yan ma'aikata na hawo zemijan su same ni. Ban taɓa tunanin akwai ranar da zan share ɗakin nan in zauna ni kaɗai ba.

Waya ta fara shigo mini ne ta bakin wata yarinya da ta ce ba haka ake faɗin wata kalma ba, ta danna abu ta sa mini a kunne. Na ce Baturiyar ce ke shaƙe hanci, aji ya yi dariya, muka wuce. Sai shekarar annoba ta zo. Aka rufe iyaka, aka rufe masallatai, aka hana taro, ni ma na sa kwaɗo. Watannin nan kowa na gida ba abin yi sai waya. Da aka buɗe gari na fasa batir na shafe allo, na wanke benci, na zauna. Mutum biyar suka zo. Na yi abin da ban taɓa yi ba, na bi gida gida kamar mai tallan magani. Kowa ya karɓe ni da mutunci, a ba ni ruwa, a ce insha Allah mako mai zuwa. Wani ne kaɗai, ɗan wani aminina, ya faɗa mini gaskiya, yana cakuɗa ta da Faransanci.

"Mais Baba Tica, kar ka ji haushi. Matar cikin bidiyo sau goma tana maimaitawa, ba ta gajiya, ba ta ɗaga biro kowa ya gani. In ina shago ina ji, in ina kan zed, zemijan ke nan, ina ji. Kuma accent ɗin, wato lafazin, nata ne, na gidansu."

Na karɓi wayar ɗiyata na zauna kallon abokan gabana, da niyyar in kama su da ƙarya. Wata mata ce a ɗakin girkinta, ta ɗaga cokali ta faɗi sunansa, rubutu ya fito a ƙasa, ta sa shi cikin jimla, ta dakata don ka maimaita. Abin da nake kwana biyu ina yanka wa kwali, ita cikin minti uku ta gama, da hoto da murya. Na kalli wajen ashirin ban samu abin sokewa ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Abu ɗaya na samu na riƙe. Matar nan ba ta san ka ba. Ba ta san Faransanci ka yi ba, ba ta taɓa zama a rumfarka ba, in ka yi kuskure ba ta ji. Na riƙa faɗin haka a majalisa da bakin masallaci, mutane na gyaɗa kai suna duba wayoyinsu. Biyar ɗin nan suka koma uku, uku suka koma babu. Mai ɗakin ya zo ya ce wani tela yana so, tun da ba a amfani da shi. Na roƙe shi ya ba ni wata biyu.

Cikin wata biyun nan ne Ramatu ta shigo, yanzu Hajiya Ramatu, mai rumfa uku a Assigamé, tana jan wata budurwa a baya.

"Tica, ga ɗiyarka Nafisa na kawo ma. Ta gama karatun aikin otal. Wani sabon otal can bakin teku na neman mai tarbar mutane, sun kira ta entretien, ganawar ɗaukar aiki, nan da mako uku, amma da Anglais, Turancin nan naka, za a yi. Ita ta ce wayarta ta ishe ta. Ni na ce wanda ya buɗe min baki shi zai duba ta."

"Mma, ai na iya," in ji yarinyar a hankali, tana kallon ƙasa.

"Ki yi shiru. Tica, in ta samu aikin ga, wallahi ni zan cika ma benci. Mu nawa ne a layinmu masu 'ya'ya zaune? Baki ɗaya zan yi."

Na san Hajiya, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Aikin yarinyar da ɗakina suka zama abu ɗaya.

Ranar farko na sa ta ta yi magana. Lafazinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Tana da littafi cike da kalmomin da ta kwafa daga bidiyo shekara biyu, na ɗakin kwana daban, na abinci daban, na filin jirgi daban, wasu ni kaina ban taɓa ji ba. Na yi ta gyaɗa kai kamar na san su. Can sai ta ce ta "assist" wani taro, tana nufin ta halarta, kamar yadda ake faɗa a Faransanci. Allah ya sani, daɗin da na ji ya fi na ranar da aka haifa mini ɗa. Na ce mata a Turanci ta ce ne ta taimaka wa taron, ko kujeru ta jera musu? Ta rufe baki tana dariya. Kafin mako ya ƙare na kama mata 'yan damfara bakwai, waɗanda ta yi shekara biyu tana yawo da su ba wanda ya gaya mata.

Daga nan ta saki jiki da ni. Na ciro tsohuwar kwat ɗina da laktaye, na zauna bayan tebur na zama manaja, ita ta ƙwanƙwasa ta shigo. In ta sunkuyar da kai irin na tarbiyyar gida sai in kore ta ta sake shigowa, don a can sai an kalli mutum cikin ido. In ta durƙusa gaisuwa in sake korarta. Na zama matafiyin da jakarsa ta ɓace, na zama wanda ruwan zafi bai zo ɗakinsa ba yana masifa. Ta daina zuwa da waya a hannu, ta koma sa ta cikin jaka. Rannan ta ce, "Baba Tica, wanga kam ba ya cikin bidiyo." Na koma gida ina ji kamar an rage mini shekara ashirin.

Saura kwana uku na ce ta rubuto amsar tambayar da ba a rasa ta, wato me ya sa take son aikin. Ta kawo layi shida masu tsabta. A na huɗu ta rubuta cewa tana son kula da "guests". Na tsaya a kan kalmar. Na san ta, ba baƙuwata ba ce, tana cikin ƙamus a gaban "invité", wanda aka gayyata biki ko walima. Na tambaye ta me take nufi.

"Baƙin otal, Baba."

"To wa ya gayyace su? Da kati aka kira su? Mutum ya sauko daga jirgi ba wanda ya san shi, ya nemi wurin kwana. Wannan baƙo ne. Baƙo kuwa 'stranger' ne."

Haka na koya, haka na rubuta a kwali da hannuna ina ɗan shekara goma sha tara, baƙo a gefe ɗaya, "stranger" a ɗaya gefen. Haka ake faɗa a tashar Kumasi, haka ake faɗa a unguwar Nima ta Accra, mai masauki ya ce yana da "strangers" a gida kowa ya gane. Faransancin ma yana da "étranger" a kusa yana ƙara mini ƙarfin gwiwa.

Ta sake duba layin. Sannan ta ce, "Amma Baba Tica, a bidiyon otal matar 'guest' take cewa kullum."

Da ba ta ambaci bidiyo ba, wataƙila da na ce bari mu duba. Wannan kalmar ce ta taɓa ni. Mako biyu da rabi ina cin nasara a kan matar nan, sai ga ta ta sake leƙowa cikin ajina. Na buɗe ƙamus na nuna mata "invité" da yatsa, na ce na littafi daban, wanda mutane ke yi daban, ni kuma shekara talatin ina aika mutane Accra da Legas ba wanda aka dawo mini da shi. Na soke tata na rubuta tawa a sama.

Ta karɓi takardar. "Kai ka sani, Baba," in ji ta.

Ban tsaya nan ba. Na san bakin mutum in ya tsorata abin da ya fi maimaitawa yake fitarwa, wannan ai sana'ata ce. Na sa ta faɗi jimlar sau ashirin a ranar, washegari ma haka, ina buga tebur ina katse ta, har ta zauna mata daram ba ta ko tunani.

Ranar ganawar tun hantsi nake ɗakin, na share shi sau biyu. Bayan la'asar zemijan ya ajiye ta a ƙofa, cikin siket da riga da ɗan gyale, takalmin a hannu don ya matse ta. Ta gaishe ni har ƙasa ta zauna a bencin gaba. Ta ce su goma sha wani abu ne. Manajar 'yar ƙasar nan ce amma ta daɗe tana aiki a waje. Komai ya tafi daidai, ta kalle ta cikin ido, ta amsa ta jakar da ta ɓace, har matar ta yaba lafazinta ta tambayi inda ta koya. Sai aka zo tambayar nan.

"Na faɗa yadda muka yi. Sai ta cire tabarau ta ce, 'Strangers?' Ta juya ta kalli na kusa da ita, suka yi murmushi. Ta ce, bon, mutanen da ke kwana a nan, me ake kiransu? Baba, wallahi ɗayar kalmar tana kan harshena, ina jinta. Amma da na buɗe baki taka ce ta fito."

Matar ta koma Faransanci ta yi mata bayani a hankali, kamar ana yi wa ƙaramin yaro. Ta ce wannan kalmar ta mutumin da ba a sani ba ce, irin wanda ake gargaɗin yara kada su bi shi. Ta ce "guest" kuwa ita ce kalma ta farko da mai aikin otal ke koya, kuma in an kira wanda ya biya ɗaki da ɗayar, an ce masa shi bare ne a gidan. Mu kalma ɗaya muke da ita, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba duk baƙo ne, a shimfiɗa masa tabarma. Su biyu suke da su, kuma ni na ba ta wadda ba ita ba. Shekara talatin ina farautar 'yan damfarar Faransanci, ashe akwai na Hausa zaune a cikin bakina.

Nafisa ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce ai na faɗa maka ba. Ta ce sun ce za su kira, ta sa takalmanta ta tafi. Na karɓi wayar ɗiyata na ce ta nemo mini bidiyon otal, kowanne. A minti na farko matar ta faɗi kalmar "guest" sau uku. Na tuna allunan gidajen saukar baƙi da ke jere a hanyar Aflao, da kalmar nan rubuce da manyan baƙaƙe, na wuce su ya fi sau ɗari a cikin mota ina karantawa. Kunya ta rufe ni har na kasa cin abinci.

Ba su kira ba. Wata yarinya daga Cacavéli aka ɗauka. Matata ta ce wataƙila dama sun riga sun zaɓi tasu, ai haka ake yi. Yana yiwuwa. Amma ni na yi manaja a bayan tebur sau da yawa, na san in mutum goma suka yi kunnen doki ƙaramin abu ake nema a rage su.

Na je Assigamé don in ba Hajiya haƙuri. Ta tare ni da fara'a, ta sa aka kawo mini kujera da ruwan sanyi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi ƙafata da ke ciwo. Duk lokacin da na ɗauko maganar sai ta kira mai saye. Nafisa na can ciki tana auna yadi, abin ji a kunnenta. Da na tashi Hajiya ta raka ni har bakin layi ta ce, "Tica, rabo ne. Allah bai yi ba." Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Saura kwana goma sha ɗaya wata biyun su cika na kai wa mai ɗakin makullinsa. Ba don ba ɗalibi kaɗai ba. Abu ɗayan da nake cewa ina da shi wanda waya ba ta da shi, shi ne ina jin kuskuren mutum in gyara. Ban ga da wane baki zan sake faɗin haka ba.

Watan da ya wuce aka gayyace ni suna a Hédzranawoé, gidan Alhaji Isiyaku mai kayan gyaran mota, ɗaya daga cikin alhazan da ke zuwa mini bayan asuba a rufe ƙofa. Yanzu ya haura saba'in, kasuwancinsa ya kai har Dubai. An kafa rumfa, ana ta raba wace, shinkafa da waken nan, da nama. A kujerun gaba akwai abokan cinikinsa uku da suka zo daga waje, ba sa jin Hausa ba sa jin Faransanci. Yana hango ni ya taso da babbar rigarsa, ya kama hannuna ya ja ni har gabansu. Ya ce musu da Turanci, da ƙarfi don kowa ya ji, wannan shi ne malaminsa, duk Turancin da ke bakinsa daga wurina ya samo. Sannan ya juyo gare ni yana nuna su, fuskarsa cike da farin ciki.

"Tica, you see? Today I have big strangers in my house."

Ɗaya daga cikinsu ya kalli ɗan uwansa, suka yi ɗan murmushi suka sunkuyar da kai. Na buɗe baki. Na dubi dattijon nan a tsakiyar gidansa, ranar sunan jikansa, yana riƙe da hannuna a gaban mutanen da yake son su girmama shi. Na ce Allah ya raya. Ya zaunar da ni kusa da su, ya sa aka ƙaro mini nama, na ci.

Har yau haka yake faɗa, a Lomé da Dubai da duk inda ya sauka. Ban san su nawa ne irinsa ba, don ban taɓa rubuta sunayen waɗanda suka bi ta ajina ba. Kuma duk wanda ya tambaye shi a ina ya koya, sunana yake kira.